Me ya sa wani turaren mai zaƙi yake jan mutum, wani kuma yake hawa kai?

Tambaya: "Assalamu alaikum Hajiya, ya kasuwa? Ni 'yar Aboabo ce a nan Kumasi, bikina yana tafe bayan Babbar Salla in Allah ya kai mu. Yayata ta zo daga Landan da wani turare mai ƙamshin banila da narkakken sukari da cakulan. In ta fesa da safe, har washegari gyalenta yana ƙamshi, kuma ba ya damun kowa. Na shiga kasuwa na sayi madarar turaren da aka ce mini irinsa ce. Da farko kamar su ɗaya, amma kafin awa guda zaƙin ya ginshe ni, kaina ya kama ciwo a cikin trotro, motar hayarmu. Don Allah yaya ake haɗa irin wannan turaren, me ya bambanta su, kuma zan iya samun mai kyau ba tare da na cinye kuɗin kayan ɗakina ba?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sanya alheri, ya nuna mana lokacin da rai da lafiya. In na fahimce ki, kwalba biyu ce a gabanki, dukansu zaƙi ne da su, amma ɗaya tana sa mutum ya matso, ɗaya tana sa shi neman taga. Kina so ki san inda suka rabu. Tun ina yarinya nake cikin humra da turaren wuta a ɗakin mahaifiyata, daga baya na shiga haɗa na fesawa, kuma abin da hancina ya koya mini shi ne: zaƙi ya fi komai arha da sauƙin samu a cikin kwalba. Aikin gwani da kuɗin mai saye duk suna tafiya ne wajen abin da zai riƙe zaƙin nan kada ya kwance.

Inda irin wannan turaren ya samo asali

Masu sana'ar a Faransa suna kiran wannan dangin gurman, wato turaren da ke ƙamshin abin ci. Bai daɗe a duniya ba kamar yadda ake zato. A 1868 wani Bature ɗan Ingila, William Perkin, ya haɗa kumarin a ɗakin gwaji, sinadarin da ke ba ƙwayar tonka ƙamshinta mai kama da busasshiyar ciyawa da almon. A 1874 Jamusawa biyu, Tiemann da Haarmann, suka haɗa banilin, wanda shi ne zuciyar ƙamshin banila. Gidan Guerlain ya yi amfani da su biyun a Jicky a 1889, sannan a 1925 ya fito da Shalimar mai banila jingim. Duk da haka ba wanda zai shinshini Shalimar ya ce yana jin yunwa, domin an lulluɓe banilar da lemo da hayaƙi da ƙamshin fata.

Canjin ya zo a 1992 da Angel na Thierry Mugler, mai shuɗiyar kwalba siffar tauraro. Mugler ya nemi ƙamshin alewa da cakulan irin na wuraren wasan da ya sani yana yaro. Mai haɗin, Olivier Cresp, ya ɗauko itil maltol, wani farin gari da masu yin alewa da biskit suka daɗe suna aiki da shi, mai ƙamshin sukarin da ya fara ƙonewa. Ki lura da abin da ya yi, domin amsar tambayarki tana nan. Maltol ɗin ɗan kaɗan ya sa. Abin da ya zuba da yawan gaske shi ne fachuli, man wani ganye na Indunusiya mai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da ɗaci-ɗaci. Su biyun suna kokawa a jikin mutum tun safe har dare, ba wanda ya ka da wani. Bayansa aka buɗe ƙofa: Hypnotic Poison na Dior a 1998 da almon da banila, Prada Candy a 2011 da karamel da ƙaron benzoyin, La Vie Est Belle a 2012, Black Opium a 2014 da ɗacin kofi, Baccarat Rouge 540 na Francis Kurkdjian da ya haɗa ƙonannen sukari da zafaran da ƙamshin itace mai gishiri-gishiri. Kowanne a cikinsu in kika bincika za ki tarar an ajiye wa zaƙin abokin gaba.

Mu kuwa ba baƙi ba ne a wannan fanni, kuma ina so 'yan matanmu su san haka. Duk wadda ta ga ana haɗa turaren wuta irin na Shuwa da Barebari ta ga ana narka sukari a tukunya har ya yi danƙo, sannan a juye itacen sandal da aka jiƙa da madara a gauraya. Idan aka ɗora shi a garwashi, abin da ke tashi karamel ne da itace da hayaƙi. A humra kuma akwai farce, wanda in kika shinshine shi shi kaɗai kafin a wanke a soya, ƙarnin teku za ki ji, amma shi ne yake zaunar da ƙamshin ya hana shi zama lami. Iyayenmu sun san wannan tun ba a haifi Angel ba.

Abin da ke cikin kwalbar

Bari in fara da banila tunda ita ce uwar ɗaki. Mafi yawan ta duniya daga Madagaska take fitowa. Furenta yini ɗaya yake buɗewa, kuma da hannu ake yi masa barbara ɗaya bayan ɗaya, da dabarar da wani yaro bawa mai shekara 12, Edmond Albius, ya gano a tsibirin Reyuniyon a 1841. Kwanson yana ɗaukar kusan wata tara kafin ya nuna, a kuma ƙara wasu watanni ana turara shi, ana shanyawa, ana rufewa har ya yi baƙi. Shi ya sa bayan guguwar da ta afka wa Madagaska a 2017 kilo ɗaya ya kai wajen dala 600. Banilar gaske ba zaƙi kaɗai ba ce. Akwai hayaƙi a cikinta, da ƙamshin tsohuwar fata, da ɗan yaji, domin sinadarai ɗaruruwa ne suka taru a kwanso guda. Banilin na masana'anta kuwa abu ɗaya ne tak, murya ɗaya. Ƙaninsa itil banilin ya ninka shi ƙarfi kusan sau uku, ya kuma fi shi kama da kirim.

A nan sai in faɗa miki gaskiyar da masu talla ba sa faɗa: har turaren yayarki, komai tsadarsa, kusan tabbas banilin na masana'anta ne ƙashin bayansa. Wannan ba aibu ba ne, haka sana'ar take ko'ina. Bambancin shi ne babban gida yakan ɗiga masa ɗan ruwan banilar gaske, ya kewaye shi da benzoyin, wannan ƙaron na Lawos da Sumatara da Larabawa ke kira luban jawi, ya ƙara tonka ta Benezuwela ko Birazil, har muryar nan ɗaya ta zama ta jama'a.

Sai cakulan. Mu da muke zaune a Asante ba sai an kwatanta mana ba. Gana tana cikin manyan ƙasashen da ke noman koko a duniya, tun daga irin da Tetteh Quarshie ya kawo daga tsibirin Fanando Po a 1879. Ki tuna ƙamshin ƙauye lokacin da aka tara 'ya'yan koko a ƙarƙashin ganyen ayaba kusan kwana shida suna tsumuwa, sannan aka baza su a tabarma a rana. Akwai tsami, akwai bauri, akwai gardi, zaƙi kuwa kusan babu. Man koko da ake tatsa don turare haka yake, baƙi ne mai kauri mai ɗaci. Shi ya sa nake ƙaunarsa, domin yana ba hanci labarin cakulan alhali yana rage wa haɗin zaƙi. Abin da ke ba ni takaici shi ne a ƙasarmu ake noman, amma in ina son man sai na aika waje.

Akwai sauran 'yan rakiya da ake sa su ɗigo-ɗigo. Wasu sinadarai da ake kira lakton suna ba da ƙamshin madarar shanu da kwakwa. Heliyotirofin yana ba da almon mai laushi kamar hoda. Firazin shi ne gardin soyayyar gyaɗa, kuma ƙarfinsa ya wuce misali, ɗigo ɗaya fiye da kima ya ɓata kwalba. Sotolon kuwa kin san shi ko ba ki san sunansa ba, shi ne ƙamshin hulba da ke fita a gumin wadda ta sha ta.

Yanzu ga masu riƙe ragamar. Fachuli na faɗa. Akwai betiba, ɗan'uwan jemar da muka sani, mai ƙamshin saiwa da ƙasa. Akwai sifiriyol na Indiya, dangin kajijinmu ne, busasshe mai hayaƙi. Akwai sida da sandal, da kirfa da kanumfari da masoro, da ɓawon lemo mai ɗaci a sama, da miski da amburoksan a ƙasa waɗanda ke shimfiɗa ƙamshin su buɗa shi iska ta ratsa. Ki ɗauki misali da kokon da muke sha da ƙosai da safe. Ana zuba masa sukari sosai, amma ba ya ginsa, saboda tsamin gasara da citta da kanumfari da barkono suna tsaye a bayansa. Ki cire su ki bar sukarin, cokali uku ba za ki iya ba.

Yadda ake haɗin kuwa aikin haƙuri ne. Manyan gidajen kwalliya yawanci ba su suke haɗawa da kansu ba. Sukan rubuta abin da suke so su miƙa wa kamfanonin ƙamshi irin su Givaudan da dsm-firmenich na Suwizalan, ko IFF na Amurka, ko Symrise na Jamus, ko Mane da ke kusa da garin Grasse a kudancin Faransa. Mai haɗin zai rubuta ma'auni, a auna a sikeli, a shinshina a takarda da fata, a gyara, a sake, wani lokaci shekara ɗaya ko biyu ana abu ɗaya. Idan an daidaita, sai a bar madarar ta kwanta ita kaɗai, sannan a narkar da ita a alkohol mai tsabta, a sake barinta makonni ta tsumu, a sanyaya, a tace. Wanda aka rubuta wa EDT yakan ɗauki madara wajen kashi 5 zuwa 15 cikin 100, EDP wajen 15 zuwa 20, mai kaurin da ake kira ekstire kuma daga 20 zuwa sama. Tsumuwar nan tana da muhimmanci ga mai zaƙi fiye da kowane iri. Haɗin da na yi yau in na shinshina, maltol ne ke ihu shi kaɗai. Bayan wata guda a cikin duhu sai in ji ya sauke murya ya shiga cikin 'yan'uwansa.

Abin da ya faru da ke a trotro

Madarar kwaikwayo da ke cika kasuwa, daga Kejetia ta Kumasi har Makola ta Akara, ana samunta ne ta hanyar sa turaren asali a na'urar da ke rarrabe sinadarai, a ga abin da ke ciki, a sake haɗawa da kayan da suka fi arha. Wasu kwaikwayon suna da kyau ƙwarai, ban raina su ba, ina ma aiki da su. Amma mai neman arha ya san a minti biyar na farko ake ciniki. Don haka yakan ƙawata saman, ya cika maltol da itil banilin tunda kuɗinsu kaɗan ne, ya rage fachuli mai kyau da itatuwa da ƙaro. Idan lemon sama ya tashi bayan rabin awa, ba abin da ya rage sai sukari tsirara. Maltol kuma ba ya gajiya, zai zauna a wuyanki da murya ɗaya har yamma. Sau da yawa madarar takan bi hannu uku ko huɗu kafin ta iso gare ki, kowa yana tsinka ta da man da ba shi da ƙamshi don ta yi auki, sai daidaiton da ya rage ma ya lalace.

Sai yanayinmu. An tsara yawancin waɗannan turarukan ne don ƙasashen sanyi, inda ƙamshi ke tashi a hankali daga cikin rigar ulu. A Kumasi da rana tsaka, fata ta yi zafi, iska cike da laima, abin da ya kamata ya fita cikin awa shida sai ya taso gaba ɗaya. Ki ƙara gumi, ki ƙara mota cike da mutane. Ko na yayarki kika fesa sau takwas kika shiga trotro da azahar, zai hau miki kai. Da hunturu kuwa, daga Disamba zuwa Janairu, iska ta bushe gari ya yi sanyi da safe, a lokacin ne mai zaƙi yake nuna kyansa na gaske a ƙasar nan.

Akwai kuma yaudarar hanci. Miski da amburoksan suna gajiyar da hancin mai su da wuri, sai mace ta ɗauka turaren ya tafi ta ƙara fesawa, alhali na kusa da ita numfashi yake nema. In kin daina jin naki, tambayi ƙawarki kafin ki ƙara.

To, me za ki yi?

Ba na ba amarya shawarar ta taɓa kuɗin kayan ɗaki don kwalba ɗaya. Ruwan da ke ciki ƙaramin kaso ne na farashin. Sauran na kwalba ne da kwali da talla da suna da harajin shigowa da hayar shago. Idan ranki ya kafe a kan na yayarki, ki nemi wanda kika amince da shi ya tsiyaya miki mililita 5 ko 10 daga kwalbar asali. Irin wannan turaren fesa biyu ya isa, don haka mililita 10 za ta kai ki biki da makonnin amarci har ta yi saura. Ko ma ki roƙi yayar taki ta ɗiba miki, ai don irin wannan rana ake da yaya.

Hanya ta biyu ita ce gidajen turare na Dubai da Sharja, waɗanda suka ƙware a wannan dangin da farashi mai sauƙi. Khamrah na Lattafa da ya fito a 2022 misali ne: dabino da kirfa da banila da tonka, yajin yana riƙe da zaƙin sosai, ko da yake a wurina na dare ne da hunturu, ba na rana ba. Sai dai ki kula, duk abin da ya yi suna jabunsa yana biye da shi. Ki duba lambar da ke gindin kwalba ta dace da ta kwali, ki duba murfi da bakin fesawa, farashin da ya faɗi ƙasa da hankali kuma ki bar shi.

Ta uku, wadda na fi so, ita ce ki gyara madarar da kika riga kika saya maimakon ki zubar. Ki ɗebi kaɗan a ƙaramar kwalba. A kowane ɗigo goma ki sa ɗigo biyu na madarar sandal mai kyau, ɗigo ɗaya na fachuli ko oud, ki rufe ki ajiye a duhu mako biyu, sannan ki gwada. In har yanzu zaƙin yana gaba, ki ƙara ɗigo ɗaya na itacen, ba fiye ba, ki sake jira. A nawa haɗin ba na bari kayan zaƙi su wuce kashi ɗaya cikin uku, kuma maltol sai na tsinka shi sau goma kafin ya kusanci sikeli. Kada ki yi gwaji da kwalbar duka, kuma ki rubuta duk abin da kika zuba, domin ranar da ya yi daɗi za ki so ki maimaita. In za ki mai da shi na fesawa, alkohol na turare za ki nema wurin masu sayar da kayan haɗi. Sifirit ɗin wanke ciwo ba na wannan aikin ba ne, an gauraya shi da abin da bai dace a yini da shi a fata ana shaƙa ba.

Ki kuma tuna cewa ranar biki ba turare ɗaya ne a jikinki ba. Akwai dilka, akwai humra, akwai kayan da aka turara a kabbasa. Duk waɗannan suna da nauyi, yawancinsu da zaƙi. Idan turaren wutar mai sukari ne, to humrar ta kasance mai itace da farce, na fesawar kuma ya tsaya a fesa ɗaya ko biyu, a bayan wuya da cikin gwiwar hannu. Ki haɗa su duka ki gwada tun saura mako biyu, ki yini da su, ki ji abin da za su zama da la'asar. Kada ki fesa a kan farin leshi ko farar shadda. Banilin yana rinewa ya koma ruwan ƙasa in ya sha iska da haske, shi ya sa kike ganin irin waɗannan turarukan suna yin duhu a kwalba in sun kwana biyu, kuma tabon da yake bari a farin yadi yana da wuyar fita.

Akwai inda iyakata take. Ma'aunin kowane babban turare sirrin gidansa ne, abin da na bayyana miki tsarin dangin ne gaba ɗaya. Fata kuma kowa da irin tasa, wadda ke da maiƙo tana riƙe zaƙi ta ƙara masa ƙarfi, busasshiya tana sakinsa da wuri, don haka wuyan hannunki ne zai yanke hukunci, ba nawa ba. Kirfa da kumarin da wasu ƙaro suna cikin abubuwan da ƙungiyar IFRA ta masu turare ta duniya ta sa wa iyaka saboda suna iya sa ƙaiƙayi da ƙuraje. Ki gwada ɗigo ɗaya a cikin hannu ki kwana da shi. In wurin ya yi ja, ko ciwon kan ya ci gaba ko da kin rage yawan, ko kina da asma, wannan maganar likita ce. Batun alkohol da salla kuma malamai sun yi bayani a kai, ki tambayi wanda kike bi. In kin zaɓi ki kauce masa, madara a man jojoba ko man kwakwa da aka tace tana aiki lafiya, sai dai ƙamshinta yana zama kusa da jiki, ba ya cika ɗaki kamar na fesawa. In kuma wata rana haɗin naki ya yi kyau har ƙawaye suka fara cewa ki sayar musu, ki fara zuwa hukumar FDA ta Gana mai kula da abinci da magunguna ki yi rajistarsa kafin ki manna masa suna ki kai kasuwa.